Buhu Nawa Take Ɗauka? Yadda Ake Tantance Farantin Nauyin Babbar Mota

Sabon mai tirela in ya zo sayen mota a garejojin Kakuri da ke Kaduna, abu uku yake dubawa: inji, giya da takardar kwastan. Daga nan sai ya juya ga dillali ya ce, "Alhaji, buhu nawa take ɗauka?" Dillali ya ce ɗari tara ba ta ko nishi, shi ke nan an gama ciniki. Da wuya ka ga wanda ya buɗe ƙofar direba ya karanta ɗan farantin da kamfani ya manna a wurin, alhali amsar tambayar tasa daga nan take farawa. Wanda ma ya karanta, sau da yawa ya karanta a karkace, ko kuma ya gaskata farantin da ba na motar ba ne. Wannan kuskure ne nake ta gani yana maimaita kansa, yana cin taya, yana cin birki, wani lokaci ya ci rai.

Shi kansa farantin yakan zo da kuskure tun daga masana'anta. A Amurka, inda Mack ɗinmu suka fito, doka ta wajabta wa kamfani ya manna shaidar da ke nuna iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da na kowane aksil, da girman tayar da aka yi lissafin da ita. In an gano an buga lamba sama da ƙarfin motar, kamfani zai sanar da hukumar NHTSA cikin kwanakin aiki 5, ya aika wa masu motocin wasiƙa cikin kwana 60, ya canza farantin kyauta, ko ya canza kayan da suka gaza. Kiranye ke nan. Wani zai ce sitika ce kawai, mene ne abin tayar da hankali? Dalilin shi ne direba mai bin doka da sitikar yake lodi. In ta yi ƙarya, ya yi obalodi bai sani ba.

Mu a nan ba mai aiko mana da wasiƙa. Motar da ta baro Amurka ko Holan, ta sauka a Apapa ko Kwatano, ta wuce hannu uku kafin ta iso Kaduna, kamfanin da ya ƙera ta bai san tana duniya ba. Kuma bayan kuskuren masana'anta, akwai namu na gida: an sauya kai bayan haɗari, an ƙara sifirin, an tsawaita shasi, an ɗaga bodi, an shafe farantin da fenti. Saboda haka kiranyen da kanka za ka yi wa motarka.

Abubuwan da za ka tanada

Tocila mai haske, burushin waya, tsumma da ɗan kananzir don goge maiƙo. Wayar hannu mai kyamara da intanet. Gejin iska na manyan motoci wanda ka tabbatar da lafiyarsa, ba na kan titi da allurarsa ke rawa ba. Littafi da biro, domin lambobin suna da yawa, kai ba ya riƙe su. Takardun motar duka. Kuɗin awo a sikelin mota, sau biyu. Sai direban da zai riƙa tuƙa motar, ya tsaya tare da kai daga farko har ƙarshe, don shi zai zauna a kan wannan lodin.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, a kashe inji, a cire makulli a sa a aljihu, a ja birki, a sa weji gaba da bayan taya. In za a kifa kai, a kifa shi har ƙarshe ya zauna. Kada a bar shi rabi a rataye a kan haidirolik mutum ya cusa wuya. In tifa ce, kada kowa ya shiga tsakanin bodi da shasi sai an tokare da ƙarfe.

Mataki na 1: Tabbatar farantin na motar ne

A motocin Amurka za ka same shi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a bakin ƙofar kanta. A na Turai faranti ne na ƙarfe, a bakin ƙofa ko wajen matakala ko cikin kai. Bodin tirela yana da nasa daban, ta gaba a gefe. Ka goge a hankali. Burushin waya na shasi ne, kada ka kai shi kan sitika, zai tafi da lambobin.

Ka kwafi lambar shasi daga farantin, sannan ka nemo wadda aka buga a jikin ƙarfen shasin, galibi wajen tayar gaba, sannan ta takardun kwastan. Dole ukun su zo ɗaya, harafi da harafi. Lambar tana da gurbi 17, kuma ba a sa I ko O ko Q a ciki, don haka in ka ga abin da ya yi kama da su, 1 ne ko sifili. Haruffa ukun farko suna faɗin kamfani: Mack yakan fara da 1M1 ko 1M2, DAF da XLR, MAN da WMA, Howo da LZZ. A motocin Amurka gurbi na 10 shekara ce: Y na nufin 2000, 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010. Kada ka yi wa motar Turai wannan lissafin, ba duka suke bin sa ba.

Na sa wannan a gaba ne saboda kai da ƙofa suna yawo a kasuwar kayan gyara. Motar da ta faɗi, aka ɗora mata kan wata, ta gaji farantin wata. Yana iya zama na mai aksil uku a kan mai aksil biyu. Dubi kusoshin da suka riƙe farantin: in sababbi ne fes a kan tsohuwar mota, ko akwai tsofaffin ramuka a gefe, an taɓa shi. In lambobin ba su zo ɗaya ba, farantin ya tashi aiki, kuma kana da matsalar da ta fi ta nauyi, wadda ya kamata ka warware da mai sayarwa kafin kuɗi su bar hannunka.

Mataki na 2: Karanta lambobin yadda aka nufa

A farantin Amurka, GVWR shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta: ita kanta, mai, direba, yaran mota da kaya. GAWR shi ne iyakar abin da aksil ɗaya zai ɗauka, na gaba daban, na baya daban. A na Turai lambobi ne a jere a kilo: ta farko nauyin motar cike, ta biyu nauyin kai da bodin da yake ja a haɗe, sai na aksil na 1, na 2, na 3. Motocin da suka yi aiki a Ingila sukan zo da wani ƙarin faranti na gwamnati mai layuka, ɗaya na abin da dokarsu ta yarda, ɗaya na abin da kamfani ya ƙera motar ta iya.

Kurakurai biyu ne a nan, kuma kowannensu babba ne. Na farko, ɗaukar lambar a matsayin nauyin kaya. In an rubuta tan 44, ba tan 44 na masara ake nufi ba; sai ka cire nauyin motar tukuna. Na biyu, rikita laba da kilo. Amurka da laba take awo, kuma laba ɗaya kilo 0.4536 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Kan Mack da aka rubuta wa 52,000, wato 12,000 a gaba da 40,000 a baya, kilo 23,587 ke nan. Wanda ya karanta ta a matsayin tan 52 ya ninka ƙarfin motar fiye da sau biyu a takarda. Ka nemi LB ko KG a gefen kowace lamba.

Yana da kyau ka san irin aikin da aka ƙera motar domin shi. A manyan hanyoyin tarayyar Amurka iyakar tirela laba 80,000 ce, kimanin tan 36. A Tarayyar Turai tan 40 ne ga mai aksil biyar, a Ingila tan 44 ga mai aksil shida. A kan titi mai santsi ke nan, ba ramukan da muke bi ba.

Mataki na 3: Bincika ko an taɓa yi mata kiranye

In ta Amurka ce, shiga shafin NHTSA. Sa lambar shasi. In bai fito da komai ba, kada ka ɗauka an wanke motar, don ba kowace babbar mota ce ke fitowa ta wannan hanyar ba. Sake nema da sunan kamfani, samfuri da shekara, ka karanta duk abin da ya fito. In ta Ingila ce, hukumar DVSA tana da nata jerin. Tarayyar Turai tana da Safety Gate. Sannan ka aika wa wakilin kamfanin lambar shasin, ka roƙi bayanin yadda motar ta fito daga masana'anta: irin aksil, irin sifirin, girman taya.

Gyara kyauta a dokar Amurka na motar da ba ta wuce shekara 15 ba ne, kuma yawancin namu sun wuce. Kada wannan ya hana ka nema. Ba gyaran kyauta kake bi ba, lambar gaskiya kake bi. In takardar kiranye ta ce an buga nauyin gaba sama da ƙima, ka rubuta sabuwar lambar, da ita za ka yi aiki daga yau.

Mataki na 4: Gwada farantin da tayoyin da ke ƙasa

A nan aikin yake, kuma a nan na fi so ka daɗe.

Lambar da faranti ya ba aksil ba ta ƙarfen aksil kaɗai ba ce. Kamfani yana duba taya, wili, sifirin, aksil da birki, ya ɗauki wanda ya fi rauni a cikinsu, ya rubuta ƙarfinsa. Kamar igiyar guga ce: inda ta fi sirancewa, nan ne ƙarfinta duka. Kuskuren faranti yakan taso daga nan, ko a masana'anta ko a gareji: lamba ta tsaya yadda take, amma an sa taya mai ƙarancin ƙarfi.

Dubi gefen taya. Za ka ga rubutu irin 315/80R22.5 sai 156/150L. Lambar farko ta taya ce in tana ita kaɗai, kamar a gaba. Ta biyu in an haɗa biyu gefe ɗaya. 156 na nufin kilo 4,000, 154 kilo 3,750, 152 kilo 3,550, 150 kilo 3,350, 148 kilo 3,150. Harafin ƙarshe gudu ne: K kilomita 110 a awa, L 120. An rage wa tagwayen taya ƙarfi ne saboda ba sa raba kaya daidai. A kan titi mai doro ko gefen rami, ɗaya ce ke ɗauke wa ɗaya.

Ga lissafin. Faranti ya ce gaba kilo 8,000, domin motar ta fito da 156 guda biyu. Kai kuma tsadar taya ta sa ka sayi 152/148. Biyu sau 3,550, kilo 7,100. Gabanka ya ragu da kilo 900, faranti bai sani ba. A baya, taya huɗu masu 150 suna ba da 13,400, masu 148 suna ba da 12,600. In an gauraya iri biyu a aksil ɗaya, ka yi lissafi da ƙaramar ka ninka, kada ka tara.

Duk waɗannan lambobin da sharaɗin iska ta kai abin da aka rubuta a gefen tayar. Tayar da iskarta ta gaza ƙarfinta ya ragu, tana lanƙwasa, tana ɗaukar zafi har ta fashe. A auna da geji da safe kafin mota ta motsa. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara yana nuna wadda ta sace ne kawai, ba ya faɗin geji. Kuma kada a rage iska da rana don taya ta yi zafi. In ta huce sai ta koma ƙasa da ƙima.

Dubi shekarunta. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Beljiyam mai kyan zane amma tsohuwa, ko mai faci a gefe, ko wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa, ban yarda a sa ta a gaba ba ko da kyauta aka ba ka. Tayar baya in ta fashe, akwai 'yar uwarta. Ta gaba in ta fashe da lodi, sitiyari ya bar hannun direba.

Gargaɗi ga mai faci da duk wanda ke tsaye kusa: wili mai zobe, irin na taya mai tub, in zoben bai zauna ba yana tashi da ƙarfin da ke kashe mutum. A sa shi cikin keji ko a ɗaure da sarƙa kafin a ba shi iska, kuma kowa ya kauce daga gabansa.

Mataki na 5: Ƙidaya abin da aka sauya

Zagaya motar da makanikenka. Ƙirga ganyen sifirin. Nemi walda a jikin shasi. Duba ko an ƙara aksil, ko an ɗaga bodi da ƙarin katako, ko an faɗaɗa tanki.

Masu waldarmu gwanaye ne, ba na raina aikinsu. Garin Kaduna da aka yi shekaru ana harhaɗa Peugeot tun 1975 bai rasa hannu ba. Amma ƙarin sifirin abu ɗaya yake yi: yana hana mota zaunawa, sai ido ya daina ganin obalodi. Bai ƙara wa boris komai ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa birki ba. Birki aikinsa mayar da gudu zafi ne, kuma zafin yana ƙaruwa daidai da nauyi. In dirom ya yi zafi ya wuce ƙima, sai ka taka ka ji babu. Duk direban da ya gangaro Hawan Kibo da lodi ya san warin. In abin ya faru sai a ce tsautsayi, alhali tun a wurin lodi aka shirya shi.

Ƙa'idar ita ce: gyaran gareji ba ya ɗaga lambar faranti. Yana iya rage ta kawai, domin kowane ƙarfe da aka ƙara nauyi ne da za a cire daga kaya. Aksil ɗin da aka ƙara ba tare da an haɗa masa birki ba, kada ka ƙirga shi da komai.

Mataki na 6: Hau sikeli

Manyan masana'antu, kamfanonin sayen hatsi da masu fasa dutse suna da sikelin mota, wasu sukan auna maka in ka biya. Je ka da motar ba kaya, amma yadda take fita aiki: tanki cike, tayoyin safiya, jak, tamfol, sarƙoƙi, direba da yaransa. Ka fara ɗora tayoyin gaba kaɗai, a rubuta. Ka matsa kai duka ya hau, a rubuta. Sannan motar duka. Da ragi za ka fitar da na kowane rukuni. Sai ƙasan da ke bakin sikelin ya zama daidai da shi, kuma a saki birki a lokacin karatu, in ba haka ba lambar aksil za ta karkace.

A ce misali kai da bodi sun ba da tan 17, faranti kuma ya ce 44 a haɗe. Kayanka tan 27 ne: siminti buhu 540 mai kilo 50, ko masara buhu 270 in buhun kilo 100 ne cif. Buhu 900 ɗin dillali tan 45 ne, motar ta zama tan 62. Buhun hatsi kuma ba a yarda da shi da ido, na kasuwa mai toliya yakan wuce abin da ake faɗa. Ka auna guda goma ka ga.

Bayan lodin farko ka koma sikeli. Jimla tana iya zama daidai amma aksil ɗaya ya wuce, saboda 'yan dako sun tara kaya a gaba ko a wutsiya. Kaya a wutsiya yana sauƙaƙa kan mota, taya ta daina kama ƙasa. In ka samu jerin da ya zauna daidai, ka ja layi da fenti a cikin bodi don masu lodi su riƙa bi.

Masu ɗaukar kwantena daga tashar tudu ta Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018, su lura: ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana iya kai kilo 30,480 cike. Gajartarta ba sauƙinta ba ne, kuma duk nauyin a wuri ɗaya yake taruwa. A kulle ƙugiyoyinta huɗu, sarƙa kaɗai ba ta isa ba. Masu tanka su yi lissafi da nauyi, ba da lita ba. Litar fetur kimanin kilo 0.74 ce, ta gas kimanin 0.84, don haka lita 45,000 ta fetur tan 33 ce da ɗori, ta gas ta kusa 38 a tanki ɗaya. Bayan gobarar tankar mahaɗar Dikko a Janairun 2025, hukumar NMDPRA ta hana loda tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris na shekarar.

Mutanen da ake ɗauka a saman kaya su ma nauyi ne. Mutum 30 sun kusa tan 2, a can ƙololuwa inda nauyi ya fi saurin kifar da mota a kwana. Kuɗin da yaran mota ke karɓa a wannan bai kai ran mutum ɗaya ba, kuma maigidan da ya kawar da kai yana da hannu.

Mataki na 7: Ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rubuta ta

Yanzu kana da lamba uku ga kowane aksil: ta faranti bayan gyaran kiranye in akwai, ta taya, da ta dokar hanya. ECOWAS ta amince da daidaita dokar nauyin aksil a 2012. In kana shiga Maraɗi ko Damagaram, Nijar tana ƙarƙashin doka ta 14 ta ƙungiyar UEMOA ta 2005, wadda ta sa tan 6 a aksil na gaba da tan 51 ga tirela mai aksil shida. Ka ga ko farantinka ya ce 8,000 a gaba, hanya ta ce 6,000. Dalilin gwamnatoci sananne ne: gwajin hanya da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin aksil ya ninka biyu, ɓarnarsa ga kwalta takan kai kusan sau 16. Ramin da ke karya maka sifirin a hanyar Abuja, irin lodinmu ne ya haƙa shi.

Na san abin da za a ce: gas ya yi tsada, haraji a kowane shinge, in ba a ƙara buhu ba mota ba ta fitar da kanta. Gaskiya ne akwai matsi. Amma ka zauna da littafinka ka haɗa kuɗin taya, sifirin, boris da kwanakin da motar ta yi a gefen hanya cikin wata shida, ka gwada da ribar ƙarin buhunan. Da yawa garin neman ƙiba suke samo rama.

Ka rubuta lambobin ƙarshe a kati: iyakar gaba, iyakar baya, nauyin mota ba kaya, adadin buhu na kowane irin kaya, gejin iska, da ranar awo. A rufe shi da leda a manna cikin kai inda direba ke gani, kwafi ɗaya kuma a ofis tare da rasit ɗin sikeli da hoton farantin asali. Kada ka cire farantin kamfani, kada ka kankare shi, kada ka sa a buga maka sabo a kasuwa ko da ka tabbatar yana da kuskure. Katinka ya zauna a gefensa. Ka faɗa wa direba a gaban ɗan kamasho cewa yana da ikon ƙin lodin da ya wuce katin, kuma ba za a taɓa alawus ɗinsa ba saboda haka. Duk ranar da aka sauya girman taya, ko bodi, ko aka taɓa shasi da walda, katin ya mutu, a koma mataki na 4.